Wa Ya Sace Dattijon Amurka?

A kasuwar hatsi ta Ƙaura Namoda in ka ji an ce Darakta, to Abdulrashid ake nufi, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, ba wanda ya yanka masa rago. Rumfata tana jikin siton baffansa, Alhaji Hammadu, don haka abin da zan faɗa ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Aikin Abdulrashid a wurin baffan nasa ɗinkin bakin buhu ne. A cika buhu da gero ko dawa, shi kuma ya sa basilla ya ɗinke, 'yan dako su ɗora a mota. Ya tsani aikin nan tsana mai tsanani. Kullum cewa yake hannunsa na riƙe makirfo ne, don shi mutum ne da ya yi shekaru a Poli. Ya kuwa yi shekarun, sai dai a bakin ƙofa ya yi su yana sayar da katin waya, kuma Turancin da ya tsinta a can bai isa a tambayi hanya da shi ba.

Yana da 'yar yayarsa, Hamida, da ke karatu a Amurka. Wata rana suna waya ta ba shi labarin wata ƙawarta Baturiya da ta tara abokanta suka yi fim a gidan kakarta, bakin wani tafki, ba kamfani ba kowa. Fim ne na bincike: wani dattijo ya ɓace, ana neman wanda ya yi gaba da shi. Manyan gidajen sinima na can sun ƙi karɓa, shi ne Baturiyar ta ce duk mai wuta da bango ya haska, ta yarda. Hamida da wasa ta faɗa. Kafin a kira la'asar labari ya gama kasuwa cewa Amurka ta tsallake Abuja da Landan ta zaɓi Ƙaura, kuma an damƙa komai a hannun Darakta.

Tsarinsa babba ne. Za a haska a Ƙaura, a haska a Shinkafi, a rufe a Zurmi, shi yana riƙe da makirfo yana fassara kai tsaye kamar yadda ake yi wa finafinan Indiya. A ranar rufewa kuma Baturiyar da kanta za ta fito a talabijin ta waya ta gaisa da jama'a. Ya ce mana kullum sai ta kira shi neman shawara, har shi ne ma ya gyara mata wasu wurare.

Daga nan ya durƙusa gaban Alhaji Hammadu ya nemi wani sito da ke zaune ba kowa kusa da tashar jirgin ƙasa, don ya buɗe gidan kallo na kansa. Alhaji mutum ne mai ƙarancin magana. Ya dube shi ya ce:

"In mutane sunka watse Zurmi suna sa maka albarka, sito naka na. In sunka watse suna maka dariya, ka koma ga basilla, kuma ban ƙara jin kalmar Darakta ga bakinka."

Abdulrashid ya ce Baba ya fara shafa wa makullin mai.

Da yake sabis ɗinmu sai a hankali, Hamida ta yanka fim ɗin gida uku ta turo. Abdulrashid bai zauna ya kalla ba, ya ce gwani ba ya bita. Abin da ya dame shi ɗaya ne. Duk wanda ya tashi da kallon finafinanmu ya san yadda suke fita: na ɗaya da na biyu, na uku da na huɗu. Tunda an ga na uku, ai na huɗu yana hanya. Tambayar yarinyar da ya goya kuma zubar da girma ne. Sai ya riƙa hawa kan lodin motoci yana ɗaga waya sama, yana jiran na huɗu ya sauka.

Ranar Ƙaura bayan azahar aka yi, don a 'yan shekarun nan ba mai son duhu ya riske shi a waje. Ya aro babbar talabijin daga gidan kallon ƙwallo, da janareto, da lasifika irin ta masu tallan magani. Don a samu duhu ya sa aka lulluɓe rumfa da tamfol ta ko'ina. Muka shiga muka zauna gumi yana bin bayanmu, ba wanda ya motsa, kowa na son ya ce da shi aka yi.

Fim ya fara. Dattijo ya sha shayi, ya sa hula, ya fita. Shi ke nan, bai dawo ba. Sauran mutanen gidan suka zazzauna suna kallon juna. Ba duka, ba gudu da mota, ba waƙa. Wani mai gemu ya tsaya bakin taga yana kallon ruwa har na ɗauka talabijin ɗin ce ta maƙale. Jama'a suka fara tambayar ina jarumi, ina bos, yaushe za a fara faɗa. Nan ne Abdulrashid ya nuna baiwarsa, don Allah ya ba shi baki, wannan kam ba na hana shi. In Turawa sun yi shiru, shi sai ya fassara shirun. Ya ce mai gemun nan kukun gidan ne, kuma tunanin tsadar takin zamani yake yi. Manoma suka girgiza kai, suka ce ashe abin har can ya kai. Wata mai dogon kwat da ke yawo da kare, ya ce matar dattijon ce, gado take hange. Da aka zo cin abinci mai gemu ya kai loma da hannun hagu, rumfa ta ɗauki salati.

Na uku ya ƙare, fuskar talabijin ta yi baƙi, rubutu ya riƙa hawa sama. Abdulrashid ya ce sunayen waɗanda 'yan sanda ke nema ne. Aka ce to a sa na huɗu. Ya saci kallon wayarsa, ba komai. Ko gezau bai yi ba. Ya ce dokar Amurka ta hana a buɗe na huɗu sai ranar rufewa, amma shi ya gani, kuma tunda Ƙaura gida ce zai ɗan tsegunta mana. Ya rage murya, a cikin lasifika.

"Ku da kanku ku duba. Wa ad da cin abinci da hagu? Wa ka shiga ɗaki ba sallama? Wa yash sha ruwa tsaye? Ai mutumin da bai jin tsoron Allah ga tuwo, bai jin shi ga dattijo."

Aka ce wallahi gaskiya ne. Kowa ya fita yana cewa dama shi tun farko bai yarda da gemun nan ba. Kafin kwana ya zagayo, bahagwai a Ƙaura sun shiga uku. Duk wanda ya miƙo hannun hagu sai a tambaye shi ina ya kai dattijo.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, na bi shi, don ni ma ina da awo a can. Wanda ya ba da rumfa wani mahauci ne, Jibrin, ƙaton mutum mai fara'a wanda muryarsa ba ta bukatar lasifika. Ya zauna a gaba da ƙannensa, da tiren nama a cinya yana yanka wa baƙi.

Abdulrashid ya zo da kai a kumbure saboda nasarar Ƙaura, har ya sayi baƙin tabarau. Da tabaran a cikin duhun tamfol ya latsa na uku a maimakon na ɗaya. Aka buɗe da mutane suna koke-koke ana laluben tafki. Da ya gane, sai ya koma na ɗaya, ga dattijo zaune lafiya lau yana kurɓar shayi. Mutanen Shinkafi suka yi hamdala, wasu har sun fara neman takalmansu. Sai dattijo ya sa hula ya fita. Abdulrashid ya ce ai sau biyu aka sace shi, don a Amurka in ba a yi maganin ɓarawo ba dawowa yake yi. Wani dattijo a baya ya ce to shi ma tsohon akwai taurin kai, mutumin da aka taɓa sacewa me ya fitar da shi kuma. Mai gemu ya tsaya a taga, Abdulrashid ya manta da taki, ya ce babur ɗinsa da aka ɗauke yake tunawa.

Ana cikin haka ya cire tabarau don ya share gumi, idonsa ya faɗa kan Jibrin. Wuƙa tana hannun hagu. Ya dubi ƙannen, su ma da hagu suke kai tsire baki, gidan gaba ɗaya haka Allah ya yi su.  Da rubutu ya gama hawa, Jibrin ya nuna talabijin da tsinin wuƙa, cikin fara'a, ya ce Darakta ya faɗa masu mugun.

Abdulrashid ya ce matar nan ce mai kare. Ya ce duk macen da za ta bar kare ya hau gadon mijinta, ba abin da ba za ta iya ba. Mai gemu kuwa jami'in sirri ne, shi ne jarumin, kuma a Amurka sai bahago ake ɗauka wannan aiki saboda kaifin basira. Jibrin ya yi dariya har tire ya kusa kifewa, ya ƙunshe masa kilishi, ya raka mu har mota.

A hanya na tambaye shi yadda zai yi da bakin nan biyu. Ya ce in bar shi da aikinsa, Ƙaura daban, Shinkafi daban. Ya manta cewa motocin da ke kai hatsi su ne ke dawowa da labari. Ba a jima ba Jibrin ya shigo Ƙaura sayen dabbobi, ya miƙa wa wani dillali igiya da hagu, dillali ya tambaye shi ina dattijo. Da aka yi masa bayani, Jibrin ya ce ƙarya ne, mai kare ce. Aka ce mai gemu ne. Kowane ɓangare ya rantse daga bakin Darakta ya ji. Sai da aka shiga tsakani, aka rabu a kan a haɗu a Zurmi, na huɗu ya raba gardama.

Abdulrashid da ya ji ana ta neman motar Zurmi, sai ya ɗauka farin jini ne. Ya je ya gaya wa Alhaji ya taho da makulli a aljihu, don kada a wahalar da shi komawa gida. Na huɗu dai har lokacin bai sauka ba. Abin da ya dogara da shi, kamar yadda ya faɗa mini a ɓoye, shi ne sabis. Ya ce sabis ɗin da bai taɓa barin mutum ya gama gaisuwa ba, ba zai ɗauko Baturiya daga Amurka ba. In waya ta yanke sai ya ce na huɗun ma ita ta riƙe.

A Zurmi wani garejin motoci aka samu, shi ma aka kewaye shi da tamfol. Mutanen Ƙaura suka zauna dama, na Shinkafi hagu, ko da gangan ko dacewa ce ban sani ba. Mutanen gari suka cika tsakiya, ga 'yan Dauran da Birnin Tsaba sun zo a kan babura. Aka sa wa Alhaji Hammadu kujera a gaba.

Fassarar ranar nan ban taɓa ganin wahala irinta ba. Da mai gemu ya tsaya a taga, Abdulrashid ya ce yana tunanin mahaifiyarsa. Dama ta ce taki ne. Hagu ta ce babur ne. Ya ce duka ukun yake tunani, ai tsayuwar da tsawo. Da dattijo ya fita, mutanen Shinkafi suka ce an yanke masu satar farko. Duk kalmar da ya furta sai an sami mai gyara masa, har wani ɗan Birnin Tsaba ya tambaya ko fim uku ne aka haɗa. Da rubutu ya fara hawa, gefe biyu suka miƙe tare suna neman na huɗu. Abdulrashid ya dubi dama ya ga yawan mutanen Ƙaura, ya dubi hagu ya ga Jibrin. Ya ce a gaskiya, in aka zurfafa bincike, karen ma abin tuhuma ne.

Ya ja da baya a hankali ya taka wayar janareto, wuta ta ɗauke. Ya fara cewa ikon Allah, ƙanen Jibrin ya riga ya mayar da ita. Sai wayarsa da ke jone da talabijin ta hau ruri, kafin ya kai hannu wani ya riga ya amsa. Sabis ɗin da ya yi shekaru yana ba mu kunya, ranar nan tangaram yake, ko ƙyaftawa babu.

Ga Hamida ta cika talabijin, gefenta Baturiya da kofin shayi, don su can safiya ce, ga kuma karen nan na fim kwance a cinyarta. Mutanen Shinkafi suka ce a gani, ashe karen na gida ne. Da aka juya waya Baturiya ta ga taron, sai ta dafe baki, hawaye suka zubo mata. Hamida ta ce wai ƙawar tata ba ta taɓa ganin mutane masu yawan haka sun taru don fim ɗinta ba. Aka amsa mata gaisuwa, aka tambaye ta gida da iyali. Sannan Jibrin ya matso gaban waya.

"Ɗiyata, hwaɗa mata mun gode. Amma mu abu guda munka zo ji. Wa yas sace dattijo?"

Hamida ta juya ta tambaya. Baturiya ta yi murmushi ta yi dogon bayani tana wasa da hannu. Hamida ta ce, wai ita ma ba ta sani ba. Da gangan ta bar shi haka, don kowane mai kallo ya yanke da kansa.

 Wani tsoho ɗan Dauran ya ce a sake tambayarta, wataƙila kunya take ji, ai ba a yin abu da hannu a ce ba a san shi ba. Aka sake, ta sake faɗin haka. Sai Alhaji Hammadu ya yi gyaran murya.

"Hamidatu, na huɗun hwa?"

"Wane na huɗu, Alhaji? Ai fim guda ne, ni na yanka shi uku saboda sabis. Inda rubutu ya hau nan ne ƙarshe."

Daga nan tambayoyi suka ɓarke, Hamida na amsawa. Mai gemu ba kuku ba ne, ba jami'in sirri ba ne, ɗan dattijon ne, likita. Mai kare ba matarsa ba ce, ita ce 'yar sandan da ke binciken. Rubutun kuma sunayen waɗanda suka yi aikin ne, har da kakar Baturiyar da ta dafa masu abinci. Wani manomi ya tambaya cikin sanyin murya ko takin fa, shi ma babu. Da Hamida ta fahimci abin da aka faɗa wa mutane, dariya ta kwashe ta har ta ɓace daga talabijin, muka bar ganin komai sai silin da kunnen kare. Da ta dawo tana share ido, ta ce Baturiya tana son a nuna mata wanene Kawu a cikin taron, don ba su taɓa magana ba, tana so ta yi masa godiya.

Aka waiwaya neman Kawu. Rabinsa ya riga ya fita ta ƙarƙashin tamfol, sauran rabin wayar makirfo ta naɗe masa ƙafa. Makirfon kuwa yana aljihun gaba a kunne, don haka garejin duka ya ji shi yana nishi yana roƙon waya ta sake shi don girman Allah.

Jibrin ne ya fara. Dariyarsa ta girgiza kwanon rufi, dama ta ɗauka, hagu ta ɗauka, dillalin da suka kusa dambe da shi ya faɗo masa a kafaɗa suna ta bubbuga juna. Baturiya ta ga ana dariya, ita ma ta kama tafi. Aka jawo Abdulrashid ta ƙafa aka tsayar da shi gaban waya, ƙura har gira, ya ɗaga mata hannu. Ni dai na yi dariya har cikina ya ƙulle, amma da na ga idonsa ya kai kan aljihun Alhaji, wallahi sai ya ba ni tausayi, don da gaske yake son siton nan.

Bai saduda nan take ba. Ya bi Alhaji har bakin mota yana cewa a duba da kyau, wannan dariyar farin ciki ce, kuma farin ciki ai ɗan'uwan albarka ne, ga shi ya sulhunta Ƙaura da Shinkafi. Alhaji ya shiga gaba ya rufe ƙofa, ya ce masa basilla tana nan inda ya bar ta.

Ya koma ɗinki, kuma ya cika alkawari, bai ƙara kiran kansa Darakta ba. Ba ya ma bukata, don yanzu daga masu shayi har direbobin Shinkafi ba mai kiransa da wani suna. Bakin dai bai mutu ba. Ran nan da hantsi yana zaune kan buhun dawa, 'yan dako sun kewaye shi, yana ɗinki yana yi masu bayanin kuskuren Baturiya. Ya ce da ta nemi shawararsa tun farko da fim ɗin ya yi ƙarshe, don shi mutum ne da ba ya barin aiki sai ya ga bakinsa ya rufu tsaf. Ya ja zare, ya ƙulle, ya cije, ya ce a ɗauka.

Ƙarti biyu suka cicciɓi buhu suka wurga kan mota, Abdulrashid ya bi shi sama yana wutsil-wutsil, don ya haɗa gefen rigarsa da bakin buhun ya ɗinke tun daga wannan kunne har wancan. Ya tsaya rataye a jikin mota, ƙafafu ba su taɓa ƙasa ba, yana cewa a kawo reza. Alhaji Hammadu ya leƙo daga sito ya dube shi sama da ƙasa.

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Wanga kam ba sai an kira Amurka ba. Kowa ya ga wanda yay yi shi."